Ruwan famfo ko na burtsatse: muhawarar da ta ɓarke a zauren 'yan unguwa a Katsina

Baban Walida (Ƙofar Marusa):

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masana ruwa da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, kuma a yi haƙuri da tsawon bayanin. A layinmu kwana huɗu muka yi famfo bai ɗiga ba, sai daren Talata, bayan ruwan saman nan da ya cika lambatu har ya hau dokin ƙofa, wajen ƙarfe uku na dare aka kawo shi. Mata suka tashi kamar yadda aka saba, suka jera bokitai da jarkoki. Ruwan farko da ya zubo jaja-jaja ne da ɗan warin kwata, bayan kamar minti ashirin ya washe ya yi fari tas. Mai ɗakina ta zubar da bokiti biyu na farko, sauran ta cika randa da duro. Ranar Alhamis yara biyu a gidan maƙwabcinmu suka kwana suna amai da gudawa, ƙaramin sai da aka yi masa ƙarin ruwa leda uku kafin ya buɗe ido, jiya kuma na ji an kai wata dattijuwa asibiti daga gidan da ke bayanmu.

Yanzu uwargida ta kafe a kan cewa ruwan famfo ba zai sake shiga randarta ba, sai dai mu riƙa saye wurin 'yan garuwa da ke ɗebowa daga burtsatse. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin na leƙa cikin jarkokin da ake kawo ruwan, na ga gansakuka kore shar a gindinsu. To, tsakanin biyun wanne ya kamata magidanci ya ba iyalinsa?

Alhaji mai burtsatse (Sabuwar Unguwa):

Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaran lafiya, ya sa kaffara ce. Baban Walida, uwargidanka ta fi ka gaskiya a wannan magana. Shekara tara ke nan da na haƙa burtsatse a ƙofar gidana, kuma daga iyalina har 'yan garuwan da ke layi kullum da safe, ban taɓa jin wanda ya ce ruwan ya ɓata masa ciki ba. Daga ƙarƙashin dutse yake fitowa, garau kamar hawaye, ba launi ba wari, hannun kowa bai taɓa shi ba. Na famfo kuwa daga dam ake jawo shi, inda shanu ke sha, yara ke wanka, masu lambu ke zuba taki a gefe, sannan a ɗura masa magani har mutum ya kasa shan shayin da aka dafa da shi. Wanda Allah ya tace a ƙasa da wanda ɗan Adam ya tace da sinadari ba za su zama ɗaya ba.

Injiniya mai ritaya (Rafindadi):

Alhaji, abin da ka faɗa game da dam gaskiya ne, sai dai a nan maganar ta fara, ba a nan ta ƙare ba. Ruwan Ajiwa da ke ƙaramar hukumar Batagarawa, da na Zobe da ke Dutsin-Ma, da na Sabke da mutanen Daura suka sani, duk ɗanyen ruwa ne, kuma babu wanda ya ce a sha shi yadda yake. Aikin matatar ruwa shi ne ta karɓe shi da lakarsa, a zuba masa alam domin ƙurar da ke yawo a ciki ta dunƙule ta yi nauyi ta kwanta a gindin tanki, sannan a bi da shi ta cikin yashi da tsakuwa, daga ƙarshe a sa masa kilorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya jima da shi aƙalla rabin awa kafin a tura shi gari. Jerin nan ba ado ba ne. Idan ruwa yana da duhu aka zuba masa kilorin, laka ce za ta cinye maganin, ƙwayar cuta kuma ta ɓuya a cikin lakar ta tsira.

Warin da ke hana ka shan shayi kuwa, da shi muke gane cewa aiki ya yi. Da gangan ake barin ragowar kilorin a cikin ruwan, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a samu aƙalla miligiram 0.2 a kowace lita a famfon da ya fi kowanne nisa da matata, saboda duk ƙazantar da ta shiga a hanya ta tarar da abin da zai kashe ta. Ruwan burtsatse ba shi da wannan ragowar ko kaɗan. In ya fito da tsabta, to, tsabtarsa tana hannun jarka da tanki da wanda ya ɗauko shi.

Yanzu bari in zo kan abin da nake zaton ya faru a layin Baban Walida, domin na sha ganin irinsa a tsawon shekarun da na yi ina aiki. Bututun da ruwa ke gudu a cikinsa dare da rana, ko ya huje, waje yake feso ruwa, ƙarfin turin ba ya barin komai ya shiga. Amma ranar da aka ɗauke ruwa, bututun ya zama fanko, ruwan da ya rage yana gangarawa unguwannin da ke kwari yana barin zuƙa a bayansa, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. Duk inda akwai huda ko mahaɗar da ta saki, abin da ke kewaye da ita ne zai shige. A cikin birni kuwa kowa ya san inda ƙananan bututunmu suke bi: ta cikin lambatu, wani a kwance cikin ruwan kwata tsamo-tsamo, an ɗaure fashewarsa da robar taya. Ga kuma masu haɗa injin zuƙo ruwa kai tsaye a kan layi domin su riga maƙwabta cika tanki, waɗanda ke ƙara wa zuƙar ƙarfi ba tare da sun sani ba. Kwana huɗu babu ruwa, ga ruwan sama ya cika lambatu da abin da ya kwaso daga masai, sai aka sako ruwa da ƙarfe uku: abin da ya taru a bututu shi ya fara isa bokitin mata. Washewar da ya yi bayan minti ashirin ba shaida ba ce, domin dauɗar ta riga ta cinye kilorin ɗin da ya biyo baya, ƙwayar kwalara kuma ba ta rina ruwa.

Maman Sadik (Ƙofar Sauri):

Baba Injiniya, Allah ya ƙara girma. Ni dai tun da aka kawo ni gidan nan, in na tari ruwan famfo sai in bar bakin duron a buɗe ya kwana domin warin maganin ya fita, kashegari in juye a randa, saboda maigidan ba ya son warin. Ashe abin da ke tsare mu nake korewa da hannuna?

Injiniya mai ritaya (Rafindadi):

Ƙwarai kuwa, 'yata. Kilorin yana bin iska in an bar ruwa a buɗe, rana da zafi kuma suna ƙara saurin tafiyarsa. Ki rufe duron. In maigida ba ya son warin, ki ɗebar masa na shansa a kofi mai murfi ya ɗan huce, sauran ya zauna da maganinsa.

Tsohon Duba-gari (Ƙofar Guga):

Na gode wa Injiniya, ya ɗauko ruwa daga dam ya kawo shi bakin famfo. Ni daga nan aikina ya fara, domin shekara talatin da ɗoriya na yi ina shiga gidaje ina buɗe randuna. A zamanin da, in aka ce ga duba-gari nan, mata har rawar jiki suke yi suna wanke randa, kuma wanda aka samu tsutsa a ruwansa sai ya biya tara. Mutane sun ɗauke mu azzalumai, amma mun san abin da muke nema.

Ku dubi randar gidajenmu. Bakinta faɗi ne, moɗa ɗaya ce, kowa da ita yake sha. Yaro ya fito daga bayan gida bai wanke hannu da sabulu ba, ya ɗauki moɗar daga ƙasa inda ƙaninsa ya yar da ita, ya zurma ta har wuyan hannunsa ya nutse. Ko ruwan Zamzam aka zuba a wannan randa, kafin la'asar ya zama wani abu dabam. Sanyin randa alheri ne, ban ce a fasa ta ba, amma a yi mata murfi, a samu moɗa mai dogon mariƙi ta ɗiba kawai, a rataye ta, kofin sha ya zama daban, kuma a riƙa juye ragowar a wanke gindin kafin a zuba sabo. Jarkar ɗan garuwa kuwa ta fi randa wuyar sha'ani saboda hannu ba ya shiga cikinta, mafi yawansu na man gyaɗa ne aka mayar na ruwa, murfinsu ya ɓata an toshe da leda, kuma tiyon da ake cika su da shi a ƙasa yake kwana cikin taɓo.

Alhaji, ina da tambaya biyu, kuma ba da nufin cin fuska ba. Taku nawa ne tsakanin burtsatsenka da masai ko sokawe mafi kusa, naka ko na maƙwabci? Abin da aka koya mana shi ne kada ya gaza mita 30, filayen cikin gari kuwa da ƙyar ake samun wannan tazara. Sannan a shekara taran nan, sau nawa aka kai ruwan ɗakin gwaji?

Alhaji mai burtsatse (Sabuwar Unguwa):

Baba, ban taɓa kai shi gwaji ba, domin ban ga dalili ba, kuma waɗanda suka haƙa sun ce mini sun wuce dutse kafin su samu ruwa. Sokawen gidana yana ta baya, ban auna ba, amma ba zai kai mita 30 ɗin nan ba, gidan gaba ɗaya ma bai kai haka ba. Sai dai a yi mana adalci. Ranar da famfo ya yi mako bai zo ba, mu ne muke riƙe da unguwa, masallaci da makarantar allo kyauta suke ɗiba. Yanzu kuma a ce mu ne masu kawo cuta?

Tsohon Duba-gari (Ƙofar Guga):

Allah ya saka maka da alheri a kan sadakar ruwa, babu mai musun ladarta. Ban ce ruwanka yana da cuta ba, cewa na yi babu wanda ya sani, har da kai. Zurfi yana taimakawa sosai, amma in ba a yi wa wuyan rijiyar dabe da siminti da kyau ba, ruwan sama yana bin jikin bututun ta waje ya gangara har ƙasa. Tankin da ke bisa kuma, in murfinsa ya goce, ƙadangare da tsuntsu sun samu wurin hutawa.

Malam na Zaure (Unguwar Alƙali):

Ina so in taɓa wani gefe da nake ganin shi ne tushen ruɗanin, kuma mu masu karantarwa muna da hannu a ciki. Tun muna yara aka karantar da mu a babin tsarki cewa ruwan da ake alwala da wanka da shi shi ne wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canja ba. Wannan hukunci ne ingantacce a wurinsa. Amma da yawa daga cikinmu sun ɗauko wannan ma'auni daga buta sun kai shi randa, suna ganin duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ya halatta a ba jariri. Malaman fiƙihu suna magana ne a kan abin da ke ɗauke hadasi, ba su ce sun duba wa mutum lafiyar cikinsa ba. Ka ga Alhaji ma da irin siffofin nan ya yabi ruwansa: ba launi, ba wari, garau. Ruwa yana iya cika su duka, alwala ta inganta da shi, kuma ya kwantar da gida guda.

Shari'a kuwa ba ta bar wannan gefen ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya yi umarni a rufe ƙorai a ɗaure bakin salka, kuma ya tsoratar game da yin bayan gida a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke zama. Wanda ya buɗe bututun masansa ya saki cikin lambatun unguwa da daddare in ana ruwan sama, ya duba ko bai shiga cikin wannan gargaɗi ba, tunda Injiniya ya nuna mana cewa lambatun nan ita ce mashayarmu ba mu sani ba.

Ma'aikaciyar jinya (Daura):

Allah ya gafarta Malam, wannan bayani ya kamata ya hau mumbari. Mu a Daura tarihinmu ma da rijiya ya fara, kowane yaro ya san labarin Kusugu da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Wancan ana ganinsa, an samu mai sare masa kai. Na yanzu sai da madubin ɗakin gwaji.

Baban Walida, abin da ya fi gaggawa a layinku ba zaɓen ruwa ba ne, a sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma cewa gida biyu sun kamu cikin kwana uku, domin a ɗauki samfur a tabbatar ko kwalara ce. Alamarta gudawa ce tsululu mai kama da ruwan wankin shinkafa, sau da yawa ba zazzaɓi, kuma tana iya bayyana daga awa 12 zuwa kwana 5 bayan an sha gurɓataccen ruwa, wanda ya yi daidai da tsakanin Talata da Alhamis ɗin da ka ambata. Ba ƙwayar ce ke kisa kai tsaye ba, ƙarewar ruwan jiki ce, babban mutum ma yana iya tafiya cikin yini ɗaya. Amma in an mayar da ruwan da wuri, cikin mutum ɗari da wuya ko ɗaya ya mutu. Kada a jira a isa asibiti: a haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti, in babu shi a samu lita ɗaya ta tafasasshen ruwa a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, ana tafiya ana ba shi. Mai shayarwa kada ta janye nono. Waɗanda muke rasawa galibi waɗanda aka tsaya ba su jiƙo da maganin tsayar da gudawa ne har idanu suka faɗa.

A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jiharmu tana cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Wanda ya yi aiki a ɗakin masu amai da gudawa a daminar shekarar ba ya bukatar a tuna masa.

Kwalara ce mai ƙara, shi ya sa ake jin ta. Taifod a hankali take cin mutum, ta hanyar ruwa da abincin da bayan gida ya taɓa, kuma mun mayar da ita sunan kowane zazzaɓi saboda gwajin jini na Widal da ake yi barkatai, alhali shi kaɗai ba ya tabbatar da ita. Akwai kuma ciwon hanta nau'in E da ke sa shawara, wanda ruwa ke yaɗawa, ga sauran mutane yakan wuce, ga mai tsohon ciki kuwa yana iya zama ajali.

Ɗalibin jami'a (Filin Samji):

Iyayena da yayyena, ina neman afuwa, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Tun ɗazu maganar tana gangarowa kan moɗa da randa da hannun yaro, har ta kusa zama laifin matan gida, alhali Maman Sadik ba ita ta shimfiɗa bututu a lambatu ba, ba ita ke ɗauke ruwa kwana huɗu ba. A 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa a Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana rubuta inda mamatan ke ɗiban ruwa, ya gano kusan dukansu famfon titi ɗaya suke sha. Bai tara mata ya yi musu wa'azin tsabta ba, wurin hukumar unguwar ya je aka cire hannun famfon, daga baya kuma aka gano ramin masai ne dab da rijiyar famfon yake tsiyaya a cikinta. Biranen da suka rabu da kwalara da taifod, magudanar ƙazanta da ruwa mai zuwa kullum ne suka raba su da ita, ba yawan tafasa ruwa ba. Mu ma nan mun ga misali: kurkunu ya kama mutum fiye da 600,000 a ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1980, aka tashi tsaye da rijiyoyi da matatan ƙyalle da masu sa ido ƙauye-ƙauye, Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suna yawo a kai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Najeriya shaidar rabuwa da shi a 2013. Me ya sa a kan ruwan birni sai a ce kowa tasa ta fisshe shi?

Tsohon Duba-gari (Ƙofar Guga):

Ɗana, ka yi magana mai kyau, amma ka lura a misalin kurkunun da ka kawo, matar ƙauye ce ke riƙe da ƙyallen tana tacewa kowace safiya. Gyaran bututun birni ba zai ƙare a wannan damina ba, yaron da zai sha ruwa kuwa yau da daddare zai sha.

Injiniya mai ritaya (Rafindadi):

Ni a nan ina bayan yaron nan fiye da abokina duba-gari, ko da yake na fito daga ɓangaren da ake zargi. Duk abin da mace za ta yi a gida toshe ɓaraka ne, asalin maganin shi ne kada bututu ya zauna fanko. Garin da ake ba ruwa awa 24, ko bututunsa sun tsufa, ya fi garin da ke da sababbin bututu ana ba shi sau biyu a mako aminci. Matsalar kuwa sarƙa ce: wutar da za ta juya injina, kuɗin alam da kilorin, garin da ya ninka girmansa alhali layukan na da ne, da mu kanmu masu huda babban layi da daddare mu ja reshe ba da izini ba, sannan mu ƙi biyan kuɗin wata.

Kada kuma a ɗauka Turawa sun gama da wannan. A 1993 a birnin Milwoki na Amurka mutum kusan 400,000 suka kamu da gudawa daga ruwan famfo, saboda wata ƙwaya da kilorin ba ya kashewa da sauƙi ta tsallake matata lokacin da ruwan ya yi duhu. A shekarar 2000 a garin Walkerton na Kanada, bayan ruwan sama mai yawa, kashin shanu ya shiga ɗaya daga rijiyoyin garin, masu kula da ita ba sa sa kilorin yadda ya kamata kuma suna cika littafin awo da lambobin ƙarya, mutum 7 suka mutu, fiye da 2,000 suka kwanta. Alhaji ya lura, wannan rijiya ce, ba dam ba. Abin da ya bambanta su da mu shi ne an yi bincike a bainar jama'a an sauya doka.

Mu ma muna da ma'auni a rubuce. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar da ƙa'idar ruwan sha ta ƙasa a 2007, aka sabunta ta a 2015, kuma a cikinta ba a yarda a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya ba a mililita 100 na ruwan sha, domin samunta shaida ce cewa bayan gida ya shiga. Abin da unguwa za ta iya nema ba tare da faɗa ba shi ne a zo a auna ragowar kilorin a famfon ƙarshen layi, ba a bakin matata ba. Awo ne na minti biyu: a jefa ƙwayar gwaji a ɗan ruwa, in ya yi ruwan hoda akwai magani, in ya zauna fari babu.

Maman Sadik (Ƙofar Sauri):

To, kafin a yi duk wannan, mu da ke da yara bakwai a gida ya za mu yi? Tafasa ruwan mutum goma kullum da tsadar gawayin nan ba ƙaramin abu ba ne, fiya wata kuma in aka ce shi za a sha, kuɗin cefane ya tafi. Kakata da 'ya'yan zogale take kwantar da ruwan rafi, shin wannan ya isa?

Ma'aikaciyar jinya (Daura):

Yaya, dakakken ƙwallon zogale da alam aikinsu ɗaya ne, suna kwantar da laka su rage dauɗa, amma ba sa gama kashe ƙwayar cuta, haka ma tacewa da ƙyalle. Matakin farko ne, sai an bi shi da na biyu. Ba dukan ruwan gida za ki tafasa ba, na sha kawai da na wanke kayan jariri, kuma da ya tafasa yana ɓulɓula minti ɗaya ya isa, ki ɗora shi a kan ragowar garwashin tuwon dare. Mafi sauƙi shi ne ruwan kilorin na kwalba irin WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs da ake samu a kemis, a bi awon da ke jikin kwalin, a jira rabin awa. In babu ko ɗaya, a cika gorar roba fara garau da ruwan da ya riga ya kwanta, a shimfiɗa ta a kan kwanon rufin ɗaki ta sha rana awa shida, in akwai hadari kwana biyu. Fiya wata kuwa, lambar NAFDAC tana nuna an yi wa masana'antar rajista, amma ba ta bin ledar zuwa inda aka jibge ta a rana ko bokitin ƙanƙarar da hannu goma ya shiga, mu kuma da haƙori muke fasawa. A ɗauraye ledar kafin a kai baki.

Baban Walida (Ƙofar Marusa):

Jama'a, Allah ya saka da alheri. Bayan sallar asuba na samu mai unguwa, muka kira mai gyaran famfo muka bi layin da ƙafa. A tsakanin gida shida mun samu wuri uku da bututu ke kwance cikin lambatu, ɗaya an naɗe shi da robar taya, da aka kwance sai ga tsaga ta kai tsawon yatsa, kuma taku kaɗan daga nan bututun bayan gidan wani yake zuba. Na ji kunya, domin reshen da ya shiga gidana ma ta nan ya ratsa, ni na biya aka ja shi shekara shida da suka wuce, ban taɓa tambayar ta ina aka bi ba. Mun yi karo-karo za a ɗaga su bisa bakin lambatu a sauya wanda ya tsage, mai unguwa ya sanar da jami'in lafiya, za a kuma rubuta takardar neman a zo a auna kilorin. Ruwan duron da aka tara daren Talata an mayar da shi na wanki. Yaran maƙwabcina sun dawo gida, dattijuwar tana nan a kwance, a sa ta a addu'a.

Alhaji mai burtsatse (Sabuwar Unguwa):

Allah ya ba ta lafiya. Ni ma na sa yaro ya hau tanki ɗazu, ya ce murfin ya tsage kuma akwai laka a gindi, gobe za a wanke. Baba duba-gari, na yarda a gwada ruwan, kuɗin gwajin a wuyana. Yaya ake ɗiba, in cika gorar lemo in aiko?

Tsohon Duba-gari (Ƙofar Guga):

A'a Alhaji, gorar lemo za ta ɓata sakamakon. Ɗakin gwajin ne zai ba da kwalbarsa da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, a bar ruwan ya zuba na ɗan lokaci kafin a tara, kada yatsa ya taɓa bakin kwalbar ko cikin murfin, a sa ta cikin kula da ƙanƙara a kai cikin awa shida. Ka dakatar da wankin tankin sai an ɗiba, domin mu san abin da mutane suke sha tun da, ba abin da za su sha gobe ba. Kwalba uku za mu karɓo: ɗaya daga bakin rijiyar kafin ruwa ya hau tanki, ɗaya daga tiyo, ta ukun kuma daga jarkar ɗan garuwa bayan ya sauke ta a ƙofar gidan mai saye. Zan iso da hantsi in Allah ya kai mu, ka ce wa ɗaya daga cikinsu ya jira ni da kurarsa.